Mu Raini Itatuwan Ado A Gidajenmu

Duk wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Garwa ya san darajar inuwa. Zafi yakan wuce digiri 40, mutum ya taso daga Hausare zuwa babbar kasuwa yana bin gindin dogon yaro ɗaya bayan ɗaya. To, amma mai karatu, wa ya shuka su? Ba mu ba. Waɗansu tun zamanin Turawa suke, waɗansu kuma na shirin Sahel Vert ne da aka fara a 1977 zamanin Shugaba Ahmadu Ahidjo, aka sake farfaɗo da shi a 2008. Yau tsofaffin suna faɗuwa, ana sare waɗansu don girki, mu kuwa muna jiran hukuma ta kawo dashe. Alhali yawancin itatuwan nan ana iya rainonsu a tsakar gida ba tare da an kashe ko dala ba, in dai an san halin kowanne.

Mu fara da dogon yaro, wato darbejiya, wanda asalinsa daga Indiya ne. Irinsa ba ya jure ajiya. Mun taɓa sa 'yan makaranta su tara mana shi, muka zuba a gwangwani har wata huɗu, da muka shuka ko ɗaya bai tsiro ba. Laifinmu ne, ba na yaran ba. A tsinci 'ya'yan da suka yi rawaya, a wanke naman, a shanya a inuwa kwana biyu, a shuka a makon. Irin maɗaci mai fiffike shi ma ba ya son daɗewa.

Filambwayan, mai jan furen nan da ke buɗewa gab da damina, halinsa daban ne. Daga Madagaskar ya zo, kuma ƙwayarsa tauri gare ta kamar tsakuwa. A tafasa ruwa, a sauke, a zuba irin a ciki ya kwana. Ko kuwa a ɗan goga gefensa a kan siminti har farin ciki ya leƙo. Cikin mako ɗaya ko biyu zai fito. Sai dai a kula, saiwarsa a sama-sama take tafiya, tana tsaga daɓe da katanga. Wanda gidansa ƙarami ne ya kai shi ƙofar gida ko harabar masallaci, ya ba shi tazarar mita 6 daga gini.

Masu ƙaramin gida, naku shi ne farangipaniye mai farin fure mai ƙamshi, da kuma bugenbiliye da ke hawa katanga. Waɗannan reshe ake yankowa daga maƙwabta, bayan an nemi izini. Reshen farangipaniye ya kai kamu ɗaya, a cire ganyen, a jingine shi a inuwa kwana 10 har bakin yankan ya bushe. Wanda ya kafa shi ɗanye zai ruɓe. Farin ruwansa kuma yana ƙona ido, kada a bar yara su yi wasa da shi. Bugenbiliye kuwa a zaɓi reshe mai kaurin fensir, tsawon santimita 20, a binne rabinsa cikin rairayi, a kifa masa leda don ya riƙe danshi. Yakan ɗauki wata ɗaya zuwa biyu kafin ya yi saiwa, kuma ba duka ke kamawa ba, saboda haka a kafa goma.

Ƙasar raino ba wuya: rairayin Binuwai, baƙar ƙasa, da takin shanu wanda ya ruɓe sarai. Ledar ruwan sha ko gwangwanin madara ya isa, a huda ƙasansa. Ban ruwa kaɗan safe da yamma. Yawan ruwa ya fi ƙishirwa kashe su.

Inda muka fi yin kuskure shi ne lokaci. Sai ruwa ya sauka muke tunawa da shuka, dashen ya tarar da rani yana jariri. A fara raino tun Fabrairu ko Maris, a dasa a watan Yuni in damina ta zauna. A barbaɗa toka a ramin saboda gara, kuma a kewaye da ƙaya tun ranar farko, domin akuyar unguwa ba ta jiran gobe.