Ina ƙarin albashin da aka ce Abuja ta turo wa malamai?

Wani saƙo ya karaɗe wayoyin mutanen birnin Zariya, daga zauren tsofaffin ɗalibai har zuwa na dangi inda ake sanar da suna da rasuwa. Ba sunan marubuci, sai "don Allah a tura wa kowa" a ƙasa. Abin da yake cewa shi ne malaman firamare su daina yi mana kukan babu, domin tun 2020 Gwamnatin Tarayya ta yi musu albashi na musamman, kuɗin na sauka duk wata, in kuwa bai kai hannun malami ba, to hedimasta da 'yan ofis ne suka danne.

Bari mu sallami ƙananan maganganun da aka yi wa saƙon ado da su. Cewa gwamnatin El-Rufa'i ta kori malamai 21,780 bayan jarrabawar 2017, gaskiya ne. Cewa an mai da shekarun ritayar malamai 65, shi ma akwai dokarsa, Buhari ya sa mata hannu a 2022. Cewa UNESCO ta wajabta kashi 26 na kasafi ga ilimi kuwa, maimaici ne kawai ya ba maganar ƙarfi. Abin da ƙasashe suka amince da shi a taron birnin Incheon a 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 na kuɗin da gwamnati ke kashewa.

Batun ƙarin albashin ne ke yin ɓarna, kuma wanda ya ƙulla shi ya san abin da yake yi, don ya ɗauko shi ne daga abin da ya faru. Ranar 5 ga Oktoban 2020, ranar malamai ta duniya, ministan ilimi Adamu Adamu ya karanta jawabin Shugaba Buhari, inda aka yi alkawarin tsarin albashi na musamman ga malamai. An ji a rediyo, malamai sun yi murna. Alkawarin bai zama kuɗi a aljihun malamin firamare ba, shi ya sa ƙungiyar malamai ta NUT ta ci gaba da tuna wa gwamnati shi duk shekara. Ƙungiyar da aka riga aka biya 'ya'yanta ba za ta yi ta roƙon a biya su ba.

Sannan tambayar da mai saƙon ya tsallake: wa ke biyan wa? A nan Zariya kaɗai iyayen gida uku ne. Malamar da ke koyarwa a kwalejin 'yan mata ta Gwamnatin Tarayya, albashinta daga Abuja yake. Malamin Alhudahuda ko Barewa ma'aikacin jihar Kaduna ne. Shi kuwa malamin firamare a Kwarbai ko Ƙaura ko Limancin Kona, daga kason ƙaramar hukuma ake cire albashinsa, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, wato SUBEB, ce ke kula da al'amuransa. Shugaban ƙasa na iya sanar da ƙari, amma ba daga asusunsa ake biyan wannan malamin ba. Sai jiha da ƙaramar hukuma sun amince, sun kuma samo kuɗin. Na makarantun kuɗi ma ba a zancensu, abin da mai makaranta ya yanka musu shi ne nasu.

To biliyoyin da ake ji ana ambata fa? Na hukumar ilimin matakin farko ta tarayya ne, wato UBEC. Dokar 2004 ta ware kashi 2 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don ilimin matakin farko, kuma kafin jiha ta karɓi babban kason sai ta ajiye nata daidai da shi. Jihohi da dama kan bar nasu ya yi shekaru ba su ɗauka ba saboda wannan sharaɗi. In an karɓa, gina azuzuwa da kujeru da littattafai da horar da malamai ake yi da shi. Ba albashin wata-wata ba ne, kuma albashi ba ya bi ta hannun hedimasta, ta banki yake shiga. Ba a nan ake cewa ofisoshin ilimi tsarkakakku ne ba. Ma'aikatan bogi tsohuwar cuta ce a ƙasar nan. Amma mai zargin mutum da cin kuɗi sai ya faɗi wane kuɗi, nawa ne, wane wata ya shigo. Saƙon bai kawo ko ɗaya ba.

Waɗanda suka gaskata ba su da laifi sosai. Uban da ɗansa ya kai aji biyar bai iya haɗa baƙi ba, ga shi yana jin ana ambaton biliyoyi, dole ya nemi wanda zai ɗora wa, kuma malami ne mafi kusa da shi. Sai dai duba inda abin ke ƙarewa. Mai shagon da ke ba malam bashin tiyar masara har ƙarshen wata ya fara ɗaure fuska. Mai gidan haya ya ji an ce an yi ƙari. 'Yan uwa na ganin Malam ya samu ya ɓoye. Wanda ya tura saƙon da yatsa ɗaya ba ya nan lokacin da ake wannan kallon-kallo a ƙofar gida.

Ƙarin da ya tabbata a doka shi ne mafi ƙarancin albashi: naira 30,000 a 2019, sai 70,000 da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yulin 2024, Kaduna kuma ta sanar da 72,000. Wannan na duk ma'aikata ne, na 2024 ɗin kuma ya zo ne bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, lokacin da tsada ta riga ta cinye shi. Shi ɗin ma bai isa ga malaman firamare cikin sauƙi ba. A Abuja kanta, daga Maris zuwa Yulin 2025 makarantun firamare na gwamnati a rufe suke, malamai na yajin aiki saboda ƙananan hukumomin birnin ba su biya su wannan 70,000 ɗin ba.