Ina Tsohuwar Wayarka Ta Tafi?

Da wuya a sami gidan da babu wata leda ko durowa da aka cusa matattun wayoyi, da caja, da tocila mai caji, da batirin da ya kumbura. Wannan tarkacen ne ake kira sharar kayan lantarki. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a shekarar 2022 kaɗai duniya ta tara tan miliyan 62 na irin wannan shara, kuma abin da aka sarrafa ta hanyar da ta dace bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Waya tun kafin ta zo hannunmu ta sha yawo. Wani ma'adinin batirinta daga Kongo aka tono shi, a Sin ko Indiya aka haɗa ta, wataƙila ma wani a Ingila ya more ta shekara biyu. Da sabon samfuri ya fito, ko manhajoji suka yi mata nauyi, sai ya ajiye ta. Daga nan sai kwantena, sai tashar jiragen ruwa ta Legas, sai kasuwar Alaba ko Computer Village ta Ikeja, har ta iso Farm Centre a Kano.

Ba mu ce wannan ciniki sharri ne ba. Ba don kayan hannu ba, da yawancinmu ba mu taɓa kwamfuta ba. Matsalar ita ce ana cakuɗa masu rai da matattu. Yarjejeniyar Basel ta 1989 ta taƙaita jigilar shara mai guba tsakanin ƙasashe, ta Bamako ta 1991 kuma ta haramta shigo da ita Afirka. To amma idan aka rubuta a takarda cewa kaya ne masu aiki, wa zai tsaya ya kunna talabijin ɗari biyar ɗaya bayan ɗaya? Wasu ma a cikin tsofaffin motoci ake danno su. Gyara sharar a Turai na da tsada, turo ta nan kuwa har riba ake ci.

Abin da ya ƙi gyaruwa yana faɗawa hannun 'yan jari-bola. A cikinsa akwai jan ƙarfe da alminiyam, har da ɗan zinare, kuma hanya mafi arha ta raba jan ƙarfe da robarsa ita ce wuta. Baƙin hayaƙin nan guba ne. Dalmar da ke cikin gilashin tsohuwar talabijin da batirin mota tana shiga ƙasa da ruwa, kuma tana dakushe ƙwaƙwalwar yara. A Agbogbloshie ta birnin Accra, matasa da dama daga arewacin Ghana sun shafe shekaru suna wannan ƙone-ƙone, kafin gwamnati ta rushe wurin a 2021. Rushewar ba ta kashe sana'ar ba, watsa ta kawai ta yi zuwa wasu unguwanni.

Sai dai kada mu ɗora wa Turawa laifin duka. Babban kaso na sharar namu ne: cajar da ke mutuwa cikin wata guda, da fitilar sola mai arha da ba a iya canja mata batir. A ganinmu, mai gyaran waya da ke zaune a ƙarƙashin lema yana rage shara fiye da yadda ake yaba masa, domin duk sikirin da ya canja, waya guda ce ba ta je bola ba.

Batirin da ya kumbura kuwa, kada a huda shi, kada a jefa shi cikin sharar da za a ƙona, don yana iya fashewa ya kama da wuta. A sa shi cikin gwangwani mai yashi, nesa da ɗakin kwana.