Mussa Mai Fitsari Cikin Ɗaki: Dalili Da Magani

Mussa tana da amfani a gida. Ita ce ke tsaron rumbu da mangaza daga kusu. Dabba ce mai tsabta: tana tona rairai, ta yi fitsari, ta rufe. In ta soma yi bisa tabarma ko buhun hatsi, akwai dalili. Wasu sai su buge ta, ko su kore ta. Bayan haka kusu ya samu wuri, ya ɓata cimaka. Bugu ba ya gyara mussa, tsoro yake ƙara mata.

Dalilai huɗu

1. Ciwo. Mussa mai ciwon mara tana tsugunawa sau da yawa, fitsari kaɗan ke fita. Wani lokaci da jini, tana kuka.

2. Rashin wuri. An rufe ta cikin ɗaki ko mangaza da dare, babu rairai. Ko kuwa wurin da ta saba ya yi ƙazanta.

3. Alama. Muzuru, daga kamar wata 6 da haihuwa, yana tsayawa, ya ɗaga wutsiya, ya fesa fitsari a jikin bango. Yana shaida wa sauran muzurai wurinsa ne.

4. Tsoro. Kare, ko baƙuwar mussa, ko yara masu jifa suna hana ta zuwa wurinta.

Abin da za a yi

A samu tsohuwar tasa mai faɗi, a zuba rairai busasshe. A ajiye ta a lungu mai shiru, nesa da abinci da ruwan sha. In mussa biyu ce, kowace da tasarta.

Kullum a kwashe kashi da rairan da ya jiƙe. Sau ɗaya a mako a wanke tasar, a sake rairai. A turbuɗe ƙazantar nesa da rijiya da wurin wasan yara, sannan a wanke hannu da sabuni.

A wanke wurin da ta ɓata, a shanya tabarma a rana. In wari ya rage, za ta koma can.

A ajiye mata ruwa mai tsabta kullum, balle lokacin zafi.

Muzuru mai feshi, a kai shi wurin likitan bisashe a yi masa fiɗiya. Mafi yawansu suna bari.

Hattara

Muzurun da ke nishi, fitsari bai fita ba sam, hanya ce ta toshe. Yana iya mutuwa cikin kwana 2 ko 3. A kai shi wurin likitan bisashe ranar nan.

Kada a ba mussa farasitamol. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Mace mai ciki kada ta kwashe kashin mussa. Akwai ƙwayar cuta a cikinsa wadda ke iya taɓa ɗan da ke ciki. Wani ya yi aikin a madadinta.