Tafiyar Kwana Biyu Daga Aujara: Kano Ko Dutse?



Bayan sallar Asuba a wata rana cikin hutun da ya gabata, wani magidanci daga cikin masu bin mu sallah a nan Aujara ya tsare mu a ƙofar masallaci da tambaya. Ya ce ya ɗan tara abin da ya tara, yana da kwana biyu, kuma ya yi wa iyalinsa alkawarin fita da su. 'Ya'yan sun kafe sai Kano. Uwargida kuwa tana son Dutse, inda yayarta take aure. Ya ce, "Malam, ina ya fi?" Da farko mun ɗauka tambayar ba ta malamai ba ce, ta direbobin tasha ce. Da muka zauna muka yi lissafi tare da shi, sai muka ga akwai sallah a cikinta, akwai haƙƙin mai masauki, akwai kuma abincin gidansa na ƙarshen wata.

Ba mu ga laifin yaran ba. Mutanen wannan yanki Kanawa ne a takarda har zuwa 27 ga Agusta 1991, ranar da aka yanke Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, kuma har yau idan ɗan Jahun ko Kiyawa ya ce zai shiga birni, Kano yake nufi. Can ne Kasuwar Kurmi take tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, sarkin da Shehu Al-Maghili ya sauka a wurinsa. Can ne Gidan Makama, da Dutsen Dala, da marinar Ƙofar Mata. Ɗalibin da yake neman littafin da babu shi a shagunan garinsu, masu sayar da littattafai na Kurmi ne maganinsa. Mai jinyar da aka tura Asibitin Malam Aminu Kano ba shi da zaɓi. Mai sarin atamfa ya san hanyar Kantin Kwari ko da idonsa a rufe. Duk wanda buƙatarsa irin waɗannan ce, ya kama hanya, ba shawara yake buƙata ba.

Amma mutuminmu ba sari zai je ba, ba kuma asibiti ba. Hutu yake nema da mace da yara biyar, kuma jarinsa duka kwana biyu ne. Rabin yini na farko zai tafi a tasha da hanya, rabin na biyu zai tafi a dawowa. Abin da ya rage a tsakani cunkoso ne zai ci rabonsa, domin a Kano tsakanin unguwa da unguwa ma tafiya ce, kuma mutum bakwai ba sa shiga a-daidaita-sahu ɗaya cikin mutunci. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya zama abin da magidanci ke ƙirgawa kujera-kujera kafin ya ce wa iyali su shirya.

Sai batun masauki, wanda a nan ne muka fi daɗewa da shi. Mun tambaye shi ina za su kwana, ya ce gidan ƙaninsa. Ɗaki nawa? Biyu, na haya, da ruwan saye a wurin 'yan garuwa. Shari'a ta ba baƙo haƙƙin liyafa na kwana uku, gaskiya ne, amma hadisin da ya tabbatar da wannan haƙƙi shi ne kuma ya hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai gida. Malamai sun fahimci cewa abin kiyayewa shi ne ƙuncin, ba adadin kwanaki kaɗai ba. Ƙanin nan ba zai taɓa cewa kada ku zo ba, kunya ba za ta bar shi ba. Zai ci bashi ya sayo kaji, ya kwana a zaure ko a shago, matarsa ta wuni a madafa, sannan a rabu ana murmushi. Mun sha ganin ziyarar da aka yi da niyyar sada zumunci ta bar ɗaci a zuciyar matar gida har shekara. Mutanen karkara, mu faɗa wa kanmu gaskiya, muna auna gidan birni da ma'aunin gidajenmu masu faɗin tsakar gida da rumbu a baya, alhali ba ɗaya ba ne.

Ta fuskar sallah kuma akwai bambancin da ya kamata ɗalibai su riƙe. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala da Mukhtasar, tazarar kasaru buridi huɗu ce, wato mil 48, abin da ya ɗan haura kilomita 80. Daga Aujara, Kano ta wuce wannan tazara, Dutse kuwa ba ta kai ba. Saboda haka mai zuwa Kano na kwana biyu zai mayar da Azahar da La'asar da Isha'i raka'a bibbiyu daga lokacin da ya bar gidajen gari, tunda bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba. Idan ya bi limami mazaunin gari sai ya cika tare da shi. Mai zuwa Dutse zai cika sallarsa. Haɗa salloli biyu kuwa mazhabar ta yi rangwame a kansa ga mai tafiya a tudu ko da tafiyar ba ta kai ta kasaru ba, da sharuɗɗan da ya kamata a tambaya kafin a tashi. Abin da muke gani a zahiri ya fi wannan muni: maza su sauka su yi sallah a bakin titi, mata su zauna a mota da goyo har lokaci ya fita, don babu wanda ya yi tunanin inda za su yi alwala.

Dutse ba ta da Kurmi, amma tana da abin da kwana biyu zai iya ɗauka. Mutum zai karya a gidansa ya yi walaha a can. Yara za su ga Garu, tsohon gari inda fadar Sarki take a tsakanin duwatsu, su ga itatuwan dabinon da aka san garin da su. Wanda ke aji na ƙarshe a sakandare zai ga ƙofar Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, kuma ganin ido yakan sa wa yaro buri fiye da nasihar uba. Idan akwai sauran kuɗin mota, Birnin Kudu na gaba kaɗan, inda zanen shanu na mutanen da suka shuɗe yake a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, abin da da yawa daga 'yan jihar ba su taɓa gani ba. Sama da duka, uwargida za ta kwana ɗaki ɗaya da yayarta. Mata sukan yi shekaru ba su ga 'yan'uwansu ba alhali tsakaninsu bai fi tafiyar awa ɗaya ba, kuma mazan da suka haddace falalar zumunci sukan manta cewa matansu ma suna da dangi.

Abin da muka ce masa shi ne ya raba tafiyar gida biyu. Ya kai iyali Dutse yanzu, da ɗan buhun gero da man gyaɗa a hannu don kada su zama nauyi. Kano kuma ya bari sai ya samu rana guda, ya ɗauki babban ɗansa su biyu, su yi sammako, su sayo littattafan makarantar Islamiyya a Kurmi, su gaisa da ƙaninsa su sha ruwa, su kamo hanya kafin Magariba. Ya yi shiru, sannan ya ce yaran za su yi fushi. Muka ce za su yi, ya saya musu dabino.