Gargaɗi ga Jama'ar Kirikasamma: Tabar Wiwi Ba Ta Ƙara Ƙarfi

Jama'ar Kirikasamma da kewaye, daga Baturiya zuwa Madachi har iyakar Guri da Haɗejia, iyaye da malamai, masu unguwanni da sarakunan ruwa, don Allah a saurara. Wata magana tana yawo a bakin samarinmu, a fadama da tashar babura, wai tabar wiwi tana ƙara ƙarfi. Wai in ka zuƙa, sai ka wuni kana yankan shinkafa ko saran kachalla ba ka ji a jikinka ba. Maganar nan ƙarya ce, kuma tana cinye mana yara muna kallo.

Ga abin da ke cikin ganyen. Tsiron wiwi yana ɗauke da sinadarai fiye da 100 na dangi ɗaya, amma biyu ne suka fi shahara, THC da CBD. THC shi ne mai bugarwa, kuma a 1964 wani masani mai suna Raphael Mechoulam da abokin aikinsa suka fara ware shi tsantsarsa. Allah Ya halitta wa ƙwaƙwalwar mutum wasu 'yan ƙofofi, kuma jiki yana yin nasa sinadarin da ke buɗe su kaɗan kaɗan, daidai buƙata, don daidaita tunawa, jin yunwa, jin zafi, barci da tsayuwar jiki. THC ya yi kama da wannan mabuɗi. Da hayaƙin ya sauka a huhu, sai ya shiga jini, ya hau kai cikin 'yan mintuna, ya buɗe ƙofofin nan duka a lokaci guda, ya kuma daɗe bai sake su ba.

Ku dubi yaron da ya gama zuƙa. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, domin jijiyoyin jinin idon sun buɗe. Bakinsa ya bushe, yana ta lasar leɓe. Bugun zuciyarsa yakan ƙaru da 20 zuwa 50 a minti guda. Ka aike shi sayen gishiri da ashana, kafin ya kai shago ya manta ɗaya. Minti biyar yana yi masa kamar rabin awa. Gajiyar da yake cewa ta tafi kuwa tana nan daram a kafaɗa da ƙugu, ɗan aiken da ke kai labarinta ga ƙwaƙwalwa aka toshe wa baki. Shi ya sa washegari za ka gan shi sharaf a gindin bishiya, ba ya iya ɗaukar lauje sai ya sake nema.

A ƙasa irin tamu abin ya fi muni, domin mu mutanen ruwa ne. Sashen ƙwaƙwalwa da ke ta wajen ƙeya, wanda ke riƙe mutum kada ya yi tangaɗi, cike yake da waɗannan ƙofofi. Yanzu ku ɗauki matuƙin kwalekwale a tsakiyar damina, ruwa ya cika ya batse kamar yadda muka gani a ambaliyar 2022. Yana tsaye a ƙarshen jirgi da gora a hannu, mata da goyo a zaune, ga buhunan hatsi, ga babur an kwantar a tsakiya. Igiyar ruwa ta bugo ta gefe. Mai cikakken hankali zai karkata jikinsa kafin ma ya yi tunani. Wanda ya sha wiwi zai makara da ƙiftawar ido ɗaya, kuma ruwa ba ya jiran kowa. Haka ɗan acaɓa a kan hanyar Haɗejia ranar kasuwa, ya hango mota yana ganin tana nesa alhali ta iso. Duk wanda ya ga alama a idon matuƙi, kada ya hau, kada ya ɗora iyalinsa, ko da shi kaɗai ya rage a mashiga.

Wasu za su ce ai tun zamanin da ake sha, ga wane ya tsufa bai haukace ba. To, wiwin yau daban take. A Amurka, inda ake auna wadda aka kama, THC ɗin ciki bai wuce kashi 4 cikin 100 ba a 1995, amma zuwa 2014 ya kai wajen kashi 12, CBD kuma ya ragu. Bayan wadda ake nomawa a dazukan Ondo da Edo ana lodinta zuwa Arewa, yanzu akwai Loud mai tsananin ƙarfi, akwai kuma Colorado, wadda sau da yawa busasshen ganye ne aka fesa wa sinadarin da aka haɗa a ɗakin gwaji. Irin wannan haɗi yana jawo jijjiga kamar farfaɗiya, yana lalata ƙoda, yana kisa. Mai sayarwar kansa bai san abin da ke cikin ƙullin ba.

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne yaro. Ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. A cikin masu sha, kusan 1 cikin 10 yakan kamu har ya kasa bari, amma ga wanda ya fara tun yana ɗan matashi, 1 cikin 6 ne. Wani bincike da aka buga a 2019, wanda aka gudanar a wurare 11 na Turai da Brazil, ya nuna mai sha kullum ya ninka wanda bai taɓa sha ba sau 3 wajen yiwuwar taɓin hankali, mai shan mai ƙarfin kullum kuwa kusan sau 5. Kuma binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a Najeriya miliyan 10.6. Kada wani ya ɗauka abin birni ne kawai.

Masu cewa ai magani ne, har Turawa sun halatta, su ji wannan. Gaskiya ne a 2018 Amurka ta amince da wani maganin farfaɗiyar yara da aka yi da CBD. Amma tatacce ne, ba ya bugarwa, likita ke auna shi da sirinji. Abin da ake naɗewa a takarda a bayan makaranta THC ne da hayaƙi mai ƙona huhu.

A kula da wadda ake zubawa a abinci ko abin sha. Ita ba ta tashi sai bayan rabin awa, wani lokaci har awa 2, sai mutum ya ga shiru ya ƙara, daga baya ta haɗu ta kayar da shi. Mai ciki da mai shayarwa su nisanci wiwi ta kowace fuska, domin THC yana ratsa mahaifa, yana kuma fita a nono.

Iyaye, idan ɗanku ya fara ƙin barci, yana dariya shi kaɗai, yana cewa ana binsa ko ana zancensa, kada ku tsaya kan cewa sammu ne ko iska. Ku yi masa addu'a, ku kuma kai shi asibiti a ranar. Kada a ɗaure shi da mari, kada a yi masa dukan kawo wuƙa. A fara da asibitin Haɗejia, in ta kama a wuce asibitin masu taɓin hankali na Kazaure. A gaya wa likita gaskiyar abin da yake sha, ɓoyewa ba ta rufa asirin kowa. Wanda ya yi niyyar bari, ya sani satin farko zai yi fama da rashin barci, saurin fushi da rashin cin abinci, amma yana wucewa. A jawo shi jiki a wannan lokaci, kada a kore shi daga gida.

Limamai, ku faɗa a huɗubar Juma'a. Sarakunan ruwa da shugabannin 'yan acaɓa, ku hana duk wanda ya sha taɓa gora ko kan babur. Wanda ya san inda ake sayarwa ya sanar da mai unguwa ko hukumar NDLEA, wadda ke da layin neman taimako kyauta, 0800 1020 3040. Duk wanda wannan gargaɗi ya iske, ya karanta wa wanda bai iya karatu ba.