Koyon harshen kwamfuta ta intanet: me zai kai shi Bader Gula?

Ɗan kasuwar da ya aika kuɗi daga Dakwaro zuwa Yamai ta Nita ko Al Izza, da ma'aikacin da albashinsa ke faɗowa banki a ƙarshen wata, duka suna cin moriyar wani aiki da ba su ganin mai yinsa. A bayan kowace irin wannan hidima akwai mutanen da suka zauna suka rubuta wa kwamfuta umarni, layi bayan layi, cikin harshen da na'urar ke ganewa, kamar Python ko JavaScript. Wannan rubutu sana'a ce kamar ɗinki ko ƙira, kuma a yau ana koyar da ita ta intanet, malami a wata ƙasa, ɗalibi a wata. Abin tambaya shi ne ko irin wannan karatu zai iya isa wuri kamar Bader Gula, ƙaramar hukumar karkara ta gundumar Dakwaro, a arewacin jahar Maraɗi, inda noman gero da wake da kiwon bisashe su ne abin dogaro. Waɗanda suka riga kowa buɗe irin wannan makaranta sun sha faɗuwa da tashi, kuma ya kamata a dubi abin da ya same su kafin a kashe ko dala.

Yaron da ya fara daga sifiri

A shekarar 1999, wani yaro Bafaranshe ɗan shekara 13, Mathieu Nebra, ya so ya koyi yadda ake gina shafin intanet. Littattafan da ya samu an rubuta su ne don waɗanda suka riga suka iya. Da ya wahala ya gane, sai ya sake rubuta darasin harshen HTML da kalmomin da shi kansa ya so a yi masa bayani da su, ya sa a intanet kyauta, ya raɗa wa wurin suna Site du Zéro, watau dandalin mai farawa daga sifiri. Wannan dandali ne ya zama makarantar OpenClassrooms a 2013. Abin da ya ɗaukaka shi kuwa, marubucin bai manta da wuyar da ɗan koyo ke sha ba. Gwanin da ya daɗe cikin sana'a yakan tsallake matakin farko domin a ganinsa kowa ya sani, alhali a nan ne akasarin ɗalibai ke tuntuɓe.

Shiga da yawa, fita kaɗan

A ƙarshen 2011, malamai biyu, Sebastian Thrun da Peter Norvig, suka buɗe wa duniya darasinsu na jami'ar Stanford ta Amurka ta intanet. Mutum kimanin 160,000 suka rubuta suna, kimanin 23,000 suka kai ƙarshe. Thrun ya kafa kamfanin Udacity, wanda ya fara a 2012 da darasin Python. A 2013 kamfanin ya yi gwaji tare da jami'ar San José ta Kalifoniya, inda aka koyar da lissafi daga nesa. Fiye da rabin ɗaliban suka faɗi, aka dakatar da shirin, kuma aka gano cewa wasu daga cikinsu ko kwamfuta ba su da ita a gida. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2019 kan darussan jami'o'in Harvard da MIT ya nuna cewa a shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018, waɗanda suka kammala ba su kai 4 cikin 100 ba, kuma mafi yawan masu shiga daga ƙasashe masu arziki suke.

Manomi ya san cewa ranar shuka ba a ƙidayar damma. Haka nan yawan masu rajista ba ya nuna komi game da amfanin makaranta. Ɗalibin da ke zaune shi kaɗai, idan waƙafi ɗaya ya ɓace masa cikin rubutu na'ura ta ƙi aiki, yana iya kwana uku yana nema, a rana ta huɗu ya haƙura. Wanda ke da na gaba kusa da shi, cikin minti biyar an nuna masa.

Saboda haka ne masu wannan harka suka komo ga malami mai rai. OpenClassrooms ta haɗa kowane ɗalibi mai neman takardar shaida da mai kula da shi, suna ganawa mako-mako. A Najeriya, shirin 3MTT da gwamnati ta ƙaddamar a 2023, wanda ya fara da mutum 30,000, ya gama karatun intanet da haɗuwa ido da ido a cibiyoyi. A Nijar ma, makarantar Codeloccol da aka buɗe a Sadore, kusa da Yamai, da goyon bayan hukumar ANSI, tara ɗalibai ta yi wuri guda.

Abin da ke jiran darasin a karkara

Cikas na farko shi ne wuta. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke samun lantarki a Nijar, a ƙauyuka kuwa abin ya fi haka ƙaranci. Ko birnin Maraɗi, da ke shan wuta ta layin Katsina, ya ɗanɗana duhu lokacin da Najeriya ta yanke ta daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. A wuri kamar Bader Gula, faifan hasken rana da batir su ne harsashin makaranta.

Na biyu shi ne tsadar sadarwa. Akwai ci gaba: Bankin Duniya ya amince a 2020 da dalar Amurka miliyan 100 don kai sadarwa ƙauyuka fiye da 2,000, kuma Starlink ya fara aiki a ƙasar a 2025. Duk da haka, bidiyo na cinye kuɗin waya kamar fara a gona, rubutu kuwa kaɗan yake ci. Darasin da zai yi amfani shi ne wanda ake saukewa sau ɗaya a riƙa bita ba rezo. HTML da Python, da zarar an sa su cikin na'ura, ana gwada su ba tare da intanet ba. Wayar salula ta isa karatu da sauraro, amma rubutu mai tsawo sai da kwamfuta, ko da biyar ce ɗalibai ashirin ke karɓa-karɓa.

Na uku shi ne harshe. Kalmomin da Python ya keɓe wa kansa na Ingilishi ne, amma ba su kai 40 ba, yaro na iya haddace su cikin mako guda. Bayanin ne ke da nauyi, kuma babu abin da ya hana a yi shi da Hausa, wadda kundin sake gina ƙasa na 2025 ya mai da harshen ƙasa. Matashin da ya bar kwaleji da guntun Faransanci bai kamata a ɗora masa koyon harshe biyu a lokaci guda ba.

Akwai kuma maganar lokaci da ta abin koyarwa. Darasin da aka buɗe a watan Yuli ya yi karo da noma, wanda aka jinkirta har tsakiyar rani kuma zai tarar samari sun tafi ci-rani. Bayan girbi ne lokacinsa. Aikin gwaji kuma ya fito daga cikin gari: lissafin shiga da fita na bankin hatsi, farashin bisashe ranar kasuwa, jerin takardun haihuwa na ofishin magajin gari, littafin bashin mai kanti. Wanda ya rubuta abin da wani zai biya shi a kansa ba ya barin karatu da wuri.

Wa zai ɗauki nauyi?

Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo ta Maraɗi na da malamai da ɗaliban da za su iya rubuta darasin su kuma kula da ƴan koyo daga nesa. Ƙaramar hukuma na iya ba da ɗaki. Alhazan Maraɗi, da suka saba gina masallatai da makarantu, ba za su rasa kuɗin faifan rana da ƴan kwamfutoci ba, kuma su ne farkon masu bukatar wanda zai tsara musu lissafin kaya. Hikima ita ce a fara da ƙaramin aji, a ga inda ɗalibai ke maƙalewa, a gyara darasin, sannan a faɗaɗa. Sannu ba ta hana zuwa.

Duk wanda aka kawo wa irin wannan shiri, ma'aikaci ne mai sa hannu ko attajiri mai ba da kuɗi, ya tambayi abu uku: mutum nawa suka gama, wa ke amsa wa ɗalibi idan ya maƙale, kuma me wanda ya gama ya rubuta da ake aiki da shi. Idan aka samu amsa mai gamsarwa, to kuɗin ba su faɗa rijiya ba.