Wandon Ɗauri: Zane Ne a Ido, Wando Ne a Tafiya

Duk macen da ta taɓa hawa kabu-kabu daga Yekuwa zuwa Magariya ko Dungas da zane a ƙugu ta san aikin da hannu yake sha, ɗaya na riƙe da ƙarfe, ɗaya na tare bakin zane. Wandon ɗauri yana rage wannan wahala, kuma mai keke a ɗaki za ta iya ɗinka shi da yamma guda ba tare da ta je wurin tela ba.

Wando mai yalwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Buje na nan tun kaka da kakanni, da ƙubakarsa da zariyarsa. Bambancin wandon ɗauri shi ne ba ƙubaka, ba roba, ba zif. Ƙyalle biyu ne aka haɗa a hantsa kawai, gefe a buɗe, sai igiyoyi huɗu.

Rabin turmin atamfa, wato yadi 3, ya ishi mace matsakaiciya. Faɗin atamfa yakan kai kusan inci 45, shi zai zama tsawon wandon daga ƙugu zuwa idon sawu. A fara wanke ta tukuna, sitacin ya fita, abin da zai tsuke ya tsuke. Shadda mai tauri ba ta yi, don tsayawa take yi ƙiƙam. Yadi mai laushi, irin wanda ake sarowa daga Kantin Kwari a Kano, ya fi zuba a jiki.

Hantsa ita ce wandon gaba ɗaya, kuma a nan ake ɓarnar yadi. Kada almakashi ya taɓa atamfa sai an fitar da samfuri a takarda. Tsohuwar jarida ko takardar buhun siminti ta wadatar. Ki zauna a kujera ki miƙe baya, a auna daga ƙugunki zuwa mazaunin kujerar, a ƙara inci 3. Wannan shi ne zurfin. A zana shi kamar ramin turmin daka, faɗinsa wajen inci 8 zuwa 10 gwargwadon jiki, ɓangaren baya ya ɗan fi na gaba sakewa. Idan zurfin ya gaza, wandon zai riƙe ki duk sanda kika durƙusa bakin murhu, kuma gara ya yi yawa da ya gaza.

Sai a raba yadin biyu, a kifa fuska a kan fuska, a ɗora takardar a tsakiyar bakin sama, a zagaye da alli, a yanke. Wannan lanƙwasar kaɗai ake ɗinkewa, kuma a bi ta sau biyu domin ita ke ɗaukar nauyi. Sauran kalmasa ce da maƙala igiya a kusurwa huɗu.

Wajen sawa, a ɗora gaba a ciki a ɗaure ta baya, a zaro ragowar ta tsakanin ƙafafu a ɗaure ta gaba.

Aibinsa ɗaya ne, kuma masu yabonsa ba su cika faɗa ba: iskar hunturu tana buɗe gefen. Wadda ta yi rowar yadi za ta koma tare baki da hannu kamar mai zane. Faɗin kowane ƙyalle ya zarce zagayen kwankwaso, yadda ɓangaren baya zai hau kan na gaba da aƙalla taƙi ɗaya. In kuwa kasuwa za a shiga, a ɗinke gefen daga cinya zuwa gwiwa, a ɗora dogon hijabi.